Wushiryar Gidanmu

Paraku, Laraba, 8 ga Yuni 1966, bayan la'asar

Jandarmomi sun zo gidana yau. Sun ɗaga katifa, sun leƙa randa, sun kwance mini huhun goro kamar mutum zai naɗe cikin ganye ya kwanta. Na shimfiɗa musu tabarma, na ce in sun gama su ɗaure mini kayana yadda suka tarar, don goro ba ya son iska. Babbansu, ajudan, wani dogon mutumin kudu mai ɗan guntun Hausa a baki, ya tambaye ni ina yayana Alhaji Ishaƙu. Na ce dillalin shanu ne, a tambayi shanu.

Bai yi dariya ba, ni ce na yi. Sai ya tsura wa bakina ido ya ce, "Irin wannan ƙofa ce a bakinsa, ko?" Wushiryata yake nufi. Ashe ba su da hotonsa, ba su ma san fuskarsa ba. Abin da aka faɗa musu kawai, mutum ne mai yawan dariya, da rata tsakanin haƙoransa na gaba, da haƙorin Makka a gefe.

Abin da ya faru a kara, kasuwar shanu, jiya Talata ba zan rubuta shi ba. Da ajami nake rubutu, jandarma ba ya karantawa, amma a Zongon nan, unguwar Hausawa, har mai tallan ƙosai ta yi allo.

Ni Hajjo, mai goro da furen rina haƙora, na binne miji, na aurar da 'ya'ya, na ga tafiyar Faransawa, na ga masu mulki sun hau sun sauka. Wannan ma zai wuce. Komai lafiya.

Alhamis, 9 ga Yuni, da asuba

Na yi baƙo. Gidan da aka riga aka bincika ya fi kowane gida sanyi.

Juma'a, 10 ga Yuni, da hantsi

Baƙona yana ɗakin goro, bayan huhuna. Na kai masa koko bai sha ba. Na ce in yunwa yake so ta kashe shi ya bari sai ya bar gidana, ba ni da wurin haƙa rami. Sai ya yi dariyar nan tasa, zinariya ta haska, wushirya ta buɗe kamar ƙofar zaure. Na toshe masa baki da tafin hannu.

Tun muna yara a Jugu haka yake. A gidan biki dariya, a gidan makoki sai an harare shi. Ranar Talata ma, waɗanda suka ga abin ba su riƙe rigarsa ba, ba su riƙe tsawonsa ba, dariyarsa suka riƙe. Baki shi ke yanka wuya.

An ce duk wanda aka kama kan wannan magana jirgin ƙasan kudu ake sa shi. Waɗanda aka sa bara har yau matansu ba su san ko su yi takaba ko su jira ba. In aka kama shi ba zan ƙara ganinsa ba, wannan na sani, kuma tsoro nake ji.

Ya ce in ya kai Jugu, daga can masu goro za su haye da shi yamma. Amma tsakanin nan da Jugu akwai shingen jandarma, kuma ba papiye, takardun shaida, suke fara tambaya ba yanzu. Baki suke sa mutum ya buɗe.

To, bakin za a canza. Me ya yi wahala?

Asabar, 11 ga Yuni, bayan azahar

Na je wurin Badamasi wanzami. Na tarar yana wasa aska, na jira har rumfar ta watse.

"Malam Badamasi, in mutum na son a toshe masa wushirya fa?"

"Wane mutum?"

"Ni."

Ya ajiye askar. "Hajjo, lafiyarki kuwa? 'Yan mata da kuka suke zuwa in goge musu haƙori in buɗe musu irin taki. Ke Allah ya ba ki a kyauta, kin raina?"

Na ce iska ce ke shiga mini ta nan, sanyi nake ji. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mai sabon taɓi. Ya ce shi cirewa ya iya. Ya nuna mini awartaki, ya ce in ya fizge biyun wushirya ta tafi, giɓi ya zo.

Na yi tunanin haka a hanya. Amma ajudan ba yaro ba ne. Mutum ya zo masa da ɗanyen dasashi yana jini, ai ya kawo kansa.

Litinin, 13 ga Yuni, da rana

Asibiti. Na yi zaman benci tun safe har ƙafata ta yi sanyi. Malamin asibiti ya ce likitan haƙori daga Kutonu yake zuwa in ya ga dama, kuma in ya zo cirewa yake yi, ba kwalliya ba. Ya ce a Dakar akwai masu ɗaure haƙori da waya, su riƙa ja a hankali har ya haɗu, shekara ɗaya ko biyu.

Na ce ni ba shingen awaki ba ce.

Ya taɓe baki ya ce da ɗan Faransancinsa, "Alor, Madam, sai ki je wurin mai keken nan na Jugu, wanda ke sa wa alhazai zinariya." Da raini ya faɗa. Ni da godiya na karɓa. Ya ɗauko alƙalami zai tambayi sunana, na ce na manta tukunya a wuta.

Talata, 14 ga Yuni, da magariba

Sun kama Awwalu mahauci saboda haƙorin Makka. Sun sake shi da yamma don ba shi da wushirya. A amalanke aka kawo shi gida, ƙafafu a kumbure.

Laraba, 15 ga Yuni, da hantsi

Alhazan Zongo duk sun zama kurame. Mutanen da in za su ce maka sannu sai sun ɗage leɓe ka ga shaidar Makka, yau da kai suke gaisuwa. Na so in yi dariya, na tuna ƙafafun Awwalu.

Baƙona ya ji labarin ta taga. Bai yi dariya ba yau.

Alhamis, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Tani maƙwabciyata ta leƙo. Ita ce mai tuwo a bakin bariki, jandarmomi a wurinta suke ci, kuma duk abin da ya shiga kunnenta da miya take zuba musu shi. Ba mugunta ba ce, cikinta ne ba ya riƙe magana.

"Yaya Hajjo, an ce an gan ki wurin wanzami, an gan ki asibiti, kina neman gyaran haƙori. Waye shi?"

"Wa?"

"Haba! Mace ba ta tuna da bakinta bayan shekarun nan haka kawai. Ɗan ina ne?"

Na buɗe baki zan zage ta, sai Allah ya sa mini dabara. Na sunkuyar da kai, na ja bakin gyale na rufe fuska, ni da jikokina. Na ce baƙo ne, malami, ba ɗan garin nan ba, kuma don Allah kada ta gaya wa kowa.

Kafin magariba mata uku sun zo sayen goron da ba sa bukata.

Jugu, Asabar, 18 ga Yuni, da yamma

Na shigo motar safe. A shinge suka sauko da maza duka, suka jera su, kowa ya wage baki. Wani tsoho da ba shi da haƙori ko ɗaya ya ce su duba da kyau ko sun samo masa guda. Mata ba a taɓa mu ba.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Akwai jandarma ɗaya zaune ƙarƙashin mangwaron da ke kallon ƙofarta, wai hutawa yake.

Inna ba ta tambaye ni shi ba, kuma ban yi tsammani ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. Kakarmu ce ta raine shi. In ya shigo gaishe ta bango take kallo, in dole ta ambace shi sai ta ce "yayanki". Wushiryar nan kuwa daga gare ta muka gada, duk da nata haƙoran sun riga ta tafiya.

Ta ce, "Ana ruwa a Paraku?"

"Ana yi, Inna."

"Shanu na samun ciyawa?"

"Suna samu. A ɗaure dai suke."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na lura tsakuwar take mayarwa cikin ƙwarya, shinkafar take zubarwa.

Lahadi, 19 ga Yuni, da hantsi

Mai keken sunansa Abdulbaƙi. Shagonsa na bayan kasuwa, an zana ƙaton baki a jikin ƙofa. A Kumasi ya koyi aikin. Keken irin na tela ne, ana taka shi da ƙafa, sai dai maimakon allura ɗan dutse ne ke juyawa a kan wata igiya. Mutum ne marar magana, gajere, hannunsa na ƙamshin kanumfari.

Na faɗa masa abin da na faɗa wa Badamasi. Ya ce ana yi. A goge haƙoran biyu su rage, a ɗauki awonsu da kakin zuma, a ƙera musu farar hula mai ɗan faɗi, in an kifa sai ratar ta rufe. Ya ce in buɗe baki. Ya duba, ya koma ya zauna.

"Hajiya, tun da na kafa keken nan buɗewa ake zuwa in yi. Ke kuma tun da kika shigo da wushiryarki kike magana. Mai son rabuwa da abu ba ya nuna shi haka. Bakin waye?"

Na ce, "Bakin da ba ya iya hawa mota."

Ya daɗe yana goge wani ɗan ƙarfe da tsumma. "Da zinariya a ciki?"

Na ɗaga masa gira.

Ya ce ranar Alhamis yakan kai keke Paraku, yana da masu jira a unguwar Gema. Zai biyo. Amma sai unguwa ta ga dalilin shigarsa gidana, ta kuma ga aikin da ya yi da idonta. Ya nuna haƙorana. "Wannan jan zai tafi."

Ni da na rina haƙoran rabin matan Zongo da fure. Ni da ake cewa a sayi na Hajjo, dubi bakinta. Na ce ya tafi mana, ja ne ba jini ba.

Paraku, Litinin, 20 ga Yuni, bayan azahar

Mun yi faɗa da Yaya. Na rubuta Yaya, to, na rubuta.

Zinariyar bai ja da yawa ba. Ya ce a Makka aka sa masa, da guminsa ya je. Na ce aikin hajji a zuciya yake, in kuma ya fi so su cire masa da gindin bindiga, ga hanya. Ya haƙura. Da na zo kan wushirya sai ya tashi zaune.

"Wannan ba tawa ba ce, Hajjo. Ta Inna ce. Ita kaɗai ce abin da ta ba ni."

"Ta ba ka rai, shi nake ƙoƙarin in riƙe."

"In na dawo wata rana, da me za ta gane ni?"

Na ce, "Yaushe ta taɓa dubanka, balle ta gane ka?"

Ya juya fuska bango. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma wannan cizon ya yi zurfi, na gani. Gaskiya dai na faɗa. Zai yarda, ba shi da wata hanya.

Talata, 21 ga Yuni, da safe

Ya yarda. Da kai ya nuna, bai yi mini magana ba.

Laraba, 22 ga Yuni, da la'asar

Na zauna a ƙofar gida inda kowa zai gan ni, da gawayi da gishiri da asuwaki, ina dirzar haƙori har dasashina ya yi jini. Tani ta kawo mini kanwa da lemun tsami, wai haka matan kudu ke yi. Ta ce ajudan ma ya ji labari, ya ce tsohuwar zuma.

Madalla. Komai lafiya.

Alhamis, 23 ga Yuni, da yamma

Abdulbaƙi ya zo da hantsi, keke a kan amalanke, yaran unguwa na bin sa. Na sa aka kafa keken a ɗakin goro, na ce ba na so a ga bakina a buɗe. Na rufe ƙofar gida.

Da ni ya fara. Ya kankare da ɗan ƙarfe, ya goge da wani gari a kan buroshi mai juyawa. Ja yana fita cikin kwano kamar an yanka kaza. Na daure.

Sannan Yaya. Zinariyar hula ce kawai a kan haƙori, ya ɓanɓare ta da dabara, ta faɗo a tafin hannuna. Ban san tana da ƙanƙanta haka ba. Da aka zo gugar na gaba, Abdulbaƙi ya ce babu allurar kashe zafi, kanumfari kawai gare shi, kuma duk jarumtar namiji sai ya yi nishi. Katangata da ta Tani ɗaya ce.

Na ce, "Ai ni ake wa aiki. Ni zan yi kukan."

Na riƙe kan Yaya a cinyata, keke yana kuka, ƙaurin haƙori ya cika ɗakin, duk sa'ad da jikinsa ya sandare sai in ƙwala ihu in rufe nasa. Na kira Inna, na kira marigayi Idrisu mijina, na tsine wa aure da wanda ya ƙirƙiro shi. Tani tana ta bayan katanga tana cewa, "Daure, Yaya Hajjo, kyau sai da wuya!" Hawayen Yaya suna gangarowa cikin kunnensa. Da farko ihun wasa ne. Daga baya ban sani ba.

Abdulbaƙi ya tsaya ya duba na hagun, ya ce wannan ya taɓa ɓallewa a gefe, tsohon rauni ne. Yaya ya girgiza kai, bai tuna ba. Ni ma ban taɓa lura ba. Ya ɗauki awo da kaki, ya ce sai Alhamis mai zuwa.

Juma'a, 24 ga Yuni, da hantsi

Na dubi madubi. Wata mata ce mai farin baki kamar ɗan maraƙi. Wushiryata dai tana nan, na ce wa Tani zafin ya sa na fasa toshewa.

Cinikin fure ya tsaya cak. Wa zai sayi rini wurin wadda ta wanke nata?

Asabar, 25 ga Yuni, da azahar

Ba ya iya shan ruwan randa, sai na ɗumama. Iska ma in ta taɓa guntayen haƙoran sai ya runtse ido. Kunu yake sha ta gefen baki. Har yanzu ba ya yi mini magana sai dole.

Litinin, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Ajudan ya biyo, shi kaɗai. Ya ce goro ya zo saya. Na fito masa da shi zaure, ya ce a'a, yana son ya zaɓa da kansa a ɗaki.

Na ce bismilla. Na wuce gaba, na tsaya a bakin ƙofar, na washe masa sababbin haƙorana, na tambaye shi tsakani da Allah, shi da ya ga matan Kutonu, sun yi ko ba su yi ba? Na ce malamin nawa mai tsantseni ne, ina tsoron ya ce na cika rawar kai. Na tambaye shi ko matarsa na goge nata, da me take gogewa, ko zai tambayo mini. Na matsa kusa ina nuna masa na ciki. Namiji ba ya jure tsohuwa mai zancen aure. Ya karɓi goron da ke hannuna ya tafi.

Na shiga ɗaki. Yaya yana tsugune bayan ƙofa, ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi, ja'irin. Na ɗaka masa duka, muka zauna a ƙasa mu biyu.

Laraba, 29 ga Yuni, da magariba

Ruwa tun safe. In hanya ta lalace fa? Ba za ta lalace ba.

Alhamis, 30 ga Yuni, da yamma

Abdulbaƙi ya zo, taɓo har gwiwa. Na ce wa unguwa gugar ƙarshe za a yi mini.

Ya kifa hulunan, ya danna, ya ce a cije tsumma. Ya kankare jan goron da ke sauran haƙoran don kada sababbin su yi fari su kaɗai. Da ya gama ya miƙa madubi. Yaya ya duba, ya rufe baki, ya sake buɗewa. Ya gwada fiton da yake kiran shanu da shi ta wushirya, iska kawai ta fito.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Haƙora a jere, farare, ba rata. Na aske masa gemu, na naɗa masa rawanin marigayi. In na gamu da shi a kasuwa zan wuce. Na yi murna, kuma na ji kamar an yi mini sata.

Abdulbaƙi yana ɗaure kekensa ya ce, "Kada ya ciji rake, kada ya fasa ƙashi. Ni kuma ban taɓa shiga gidan nan ba sai don ke."

Asabar, 2 ga Yuli, da safe

Na gaya wa Tani a asirce cewa malamin ya iso, ya sauka a Turu, ƙauyen da ke kan hanyar Jugu, jibi zan kai shi Jugu ya gaida Inna. Na roƙe ta ta riƙe a cikinta.

Na ce wa Yaya daga tashar Jugu ya zarce wurin masu goro, kada ya bi ta gida, akwai mai zama ƙarƙashin mangwaro. Ya ce ba zai bar ƙasar nan bai durƙusa gaban Inna ba, ko bango za ta kalla. Na yi faɗa, na yi lallashi. Wannan karon shi ya ci.

Jugu, Litinin, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Mun fita da asuba, a Turu muka tari mota. A shinge aka jera maza. Jandarman ya gan ni ya ce, "A, amarya!" Tuwon Tani ya yi aikinsa. Ya zo kan Yaya, ya ce buɗe. Ya buɗe. Ya duba, ya ce mini na iya zaɓe, ya wuce kan na gaba.

Na ɗauka an gama. Muna shan kwanar gidan Inna na ga motar jandarma, na ga dogon ajudan nan tsaye ƙarƙashin mangwaro. Ashe ya riga mu. Ya ce ya zo taya murna.

Muka shiga tare. Matan gida da maƙwabta sun cika tsakar gida, duk sun san Yaya tun yana yawo ba wando, ko tari ba wanda ya yi. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa nesa. Inna ta juya fuska bango kamar kullum.

Ajudan ya sa shi ya buɗe baki. Ya duba sama da ƙasa, har da ƙwanƙwasawa da farce. Sannan ya juya.

"Mama, dubi mutumin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu ba a duban suruki."

"Yau za a duba. Mama, ina ɗanki Ishaƙu? Ba shi ne wannan ba?"

Inna ta ajiye carbinta. Ta juyo a hankali, ta ɗaga ido, ta sauke shi a kan fuskar Yaya. Ban taɓa gani ba tun da nake. Ta dubi goshinsa, ta dubi idanunsa, ba ta yi sauri ba.

Ta ce, "Yi murmushi, malam."

Ya yi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna ni da haɓa, ta ce wa ajudan, "Duk wanda na haifa da ƙofa a bakinsa ya zo duniya. Ga ɗaya nan, duba. Wannan bakin kuwa ban san shi ba."

Muryarta ko girgiza ba ta yi ba. Ajudan ya dube ta, ya dube ni, ya sa hularsa ya fita. Muka ji tashin mota.

Yaya ya yi gaisuwar da ta kawo shi. Inna ta riga ta mayar da fuskarta bango. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya. Kafin la'asar yana cikin motar masu goro.

Na ce zan iya, na kuwa iya. Tani zan ce mata malamin ya ga tsufana da rana ya gudu.

Talata, 5 ga Yuli, da hantsi

Ina ɗaure kayana Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta dube ni ba, hannu ta miƙo.

"Ba ni."

Ban tambaye ta me ba. Na kwance bakin zanena na ba ta zinariyar. Ta juya ta a tafin hannu.

"Mai keken nan ya iya aiki," in ji ta. "Amma ya daidaita su da yawa. Na hagun ba haka yake ba, gefensa a ɓalle yake. Yana ɗan yaro ya faɗi a bakin rijiyar gidan kakarku, sabon haƙori ne ma lokacin. In zai yi dariya ta wannan gefen leɓensa ke fara ɗagawa."

Na ce, "Inna, yaushe kuka gani?"

Ta ƙulle zinariyar a bakin zanenta, ta ja ƙullin da kyau.

"Ke dai tashi, kada mota ta bar ki."